Na kafa dakaru biyu a tsakiya, kuma duk da haka aka cinye ni

Sabon-Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, a yi haƙuri idan ta yi kama da ta yara. Wata huɗu ke nan da na fara wasan ces, wato chess, kuma duk wanda na tambaya maganarsa ɗaya ce: kama tsakiya, kama tsakiya. To na kama. Jiya ina riƙe da Fari, ga yadda ta kaya:

1. e4, e5
2. doki f3, doki c6
3. giwa c4, giwa c5
4. c3, doki f6
5. d4, dakarensa na e5 ya ci d4
6. na rama da dakaren c3

A nan dakaruna biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a d4 da e4, shi kuwa ba shi da ko ɗaya a tsakiya. Har na gyara zama ina murmushi. Sai ya ba ni cak, wato ya kai wa sarkina hari, da giwa a b4, na tare da tawa giwar a d2, ya ci, na rama da dokin b1. A taku na 8 ya turo d5. Na ci, ya rama da doki. Shi ke nan, e4 ya tafi, d4 ya rage shi kaɗai kamar maraya. Muka yi ta musayar kaya, can wajen ƙarshe ya cinye d4 ɗin ya kai dakarensa ƙarshen allo ya mai da shi sarauniya. To ina amfanin tsakiyar nan da ake ta kururutawa?

Mai Kula da Zaure:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga, saboda waɗanda suka shigo kwanan nan: a nan giwa muke ce wa bishof, kamar yadda Larabawa da Rashawa suke kiransa da sunan giwa a harsunansu. Na kusurwa hasumiya ce. Ƙananan takwas na gaba dakaru, na bayansu hafsoshi. Harafi da lamba kamar e4 sunan gida ne a kan allo: harafin na layin tsaye, lambar ta layin kwance. Bismillah.

Ɗan Gaggawa:
Ƙanena, an yaudare ka ne kawai. Ni wasan minti uku nake bugawa dare da rana, kuma ban taɓa ganin inda tsakiya ta ci wa mutum wasa ba. Wanda ya fara yin kuskure shi ake ci. Ka fito da sarauniya h5 tun taku na 2, ka bi ta da giwa c4, rabin mutane za su mutu a f7 kafin su gama zama.

Malamar Lissafi:
Yaya Ɗan Gaggawa, rabin waɗanne mutane? Waɗanda suka fara jiya? Idan ka yi 2. sarauniya h5 na yi doki c6, ka yi giwa c4 na yi g6, ka ja ta f3 na yi doki f6, ka kai ta b3 na dasa doki a d4. Taku uku ka kashe a kan mace ɗaya tana yawo, ni kuwa dawakaina biyu sun fito, ɗaya ma yana zaune a tsakiyar gidanka yana kallon sarauniyar da c2 a lokaci guda.

Sabon-Shiga, bari in ba ka amsar lissafi tukuna, sauran na bar wa manya. Ka share allo ka ajiye doki ɗaya a a1. Gida nawa zai iya tsallakawa? Biyu. Ka matsar da shi a4, gefen allo: huɗu. Ka kai shi e4: takwas. Doki ɗaya ne, bai ƙara ƙiba ba, amma ƙarfinsa ya ninka sau huɗu. Giwa daga kusurwa tana ganin gida 7, daga tsakiya 13. Sarauniya daga gefe 21, daga tsakiya 27. Hasumiya ce kaɗai ba ruwanta, duk inda ka ajiye ta a allon da ba kowa 14 take gani. Wannan shi ne asalin maganar. Gidajen nan huɗu, d4, e4, d5, e5, mararraba ce. Wanda ke zaune a kanta yana iya juyawa ɓangaren sarki ko ɓangaren sarauniya cikin taku ɗaya ko biyu, wanda aka tura gefe kuwa sai ya yi zagaye.

Sabon-Shiga:
Na gode Malama. Amma ai dakaru aka ce in sa, ba doki ba.

Malamar Lissafi:
Saboda dakare shi ne mafi arha. Idan ka ajiye doki a d5 sai in kore shi da dakare, dole ya tashi, don ba za ka ba da doki a kan dakare ba. Amma dakare da ke e4 yana ce wa duk hafsoshina: d5 da f5 ba wurin zamanku ba ne. Dakarun ba su ne riba ba, masu share wa hafsoshi fili ne.

Dattijon Zaure:
Assalamu alaikum. Na karanta wasan nan sau biyu, har na ɗauko allo na jera. Yaro, abu na farko da za ka ji: har taku na 9 ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Wannan Buɗin Italiya ne, kuma layin da ka bi an fi shekara 400 ana bugawa. Abokin wasanka ne ya san abin da ake yi.

Ka koma taku na 6, lokacin da kake murmushi. Giwarsa tana c5, dakarenka na d4 ya nuna ta. Da ya ja ta baya zuwa b6, kamar yadda masu koyo da yawa suke yi, da ka ga aikin tsakiya da idonka: 7. d5, dokinsa na c6 ya tashi. 8. e5, dokinsa na f6 ma ya tashi. Dakaru biyu suna tafiya, kowane taku nasu da barazana, shi kuma yana ta kwashe kaya yana ja da baya. Amfanin tsakiyar dakaru ke nan idan tana iya motsi.

Shi kuwa bai ja baya ba. Ya ba da cak a b4, wato ya tsere daga barazanarka ba tare da ya yi asarar taku ba, domin dole ka amsa cak. Sannan ya buga d5 a daidai lokacin da giwarka ke c4, dakaren ya nuna giwa ya nuna e4 tare. Da ya yi jinkirin taku ɗaya ko biyu ka shigar da sarkinka ganuwa, wato takun nan da sarki da hasumiya suke yi tare don a ɓoye sarki a gefe, ka kawo hasumiya e1, da tsakiyar ta zauna daram. Bai ba ka wannan damar ba.

Sabon-Shiga:
Baba, to da na tura e5 a taku na 9 maimakon in ci fa? Ai zan nuna dokinsa.

Dattijon Zaure:
Sai ya ci giwarka a c4, ka ci dokinsa a f6, sarauniyarsa ta ci dakaren, dokinka ya ci na c4. Kaya sun yi daidai, kuma d4 ɗin nan dai shi kaɗai ya rage, ga sarauniya da doki suna hararsa. Tsugune ba ta ƙare ba.

Inda ka yi asarar wasan shi ne wannan jimlar taka: "muka yi ta musayar kaya". Dakaren d4 da ba shi da ɗan'uwa a layin c ko layin e, maraya ne kamar yadda ka ce, amma maraya mai gado. Yana riƙe maka e5 da c5. Layin e a buɗe yake, layin c ma a buɗe ta wajenka. Hafsoshinka sun fi nasa sakewa. Abin da ake yi a nan shi ne 10. sarauniya b3, ta haɗu da giwa su matsa wa dokin d5, sannan ganuwa, hasumiya e1, doki ya nufi e5 ko e4. Muddin allo cike yake da hafsoshi, d4 ƙarfi ne. Duk hafsan da aka yi musaya, ƙarfin yana raguwa, raunin yana nan inda yake. Kai da kanka ka yi ta taya shi kwashe masu gadin marayan.

Sabon-Shiga:
Wallahi haka aka yi. Ni na fara cin dokinsa na d5 da giwa, don na ga ya yi mini tsaye a gaba.

Mai Giwar Kusurwa:
Da girmamawa Baba, ni a ganina wannan wasan hujja ce a kan koyarwar ku ta da. Ku ce wa yaro ya cika tsakiya da dakaru, ba ku gaya masa cewa duk dakaren da ya wuce gaba ba ya dawowa ba, kuma ya zama abin hari. Tun shekarun 1920 manyan 'yan wasa Réti da Nimzowitsch suka nuna cewa ba sai ka zauna a tsakiya kake mallakarta ba. Kana iya barin mutum ya gina, kai kana nesa ka saita giwa daga g7 ko b7, idan ya gama ginin ka rushe. A gasar Niyok ta 1924 Réti ya buɗe da doki f3, bai taɓa dakaren d ko na e ba a farkon wasan, ya doke Capablanca, zakaran duniya na lokacin, wanda ya shekara takwas ba a ci shi ba a wasan gasa. Tarrasch, jagoran tsohuwar koyarwar, da mabiyansa suna ta cewa wannan wasan banza ne, sai ga shi.

Dattijon Zaure:
Ba mu saɓa ba, ɗana, sai dai ka ɗauki rabin magana ka bar rabi. Dokin f3 ina yake kallo? d4 da e5. Dakaren c4 da Réti ya bi shi da shi, ina yake kallo? d5. Giwar da ya sa a b2? d4 da e5. Ta g2? e4 da d5. Mutumin bai bar tsakiya ba ko na taku ɗaya, makamansa ne ya jera daga nesa. Rigimarsu da Tarrasch a kan hanya ce, ba a kan wurin zuwa ba.

Mai Giwar Kusurwa:
Na yarda da wannan. Amma bari in nuna wa Sabon-Shiga yadda abin yake a aikace, don gani ya kori ji. Kariyar Grünfeld, wadda Ernst Grünfeld ɗan Ostiriya ya fito da ita a 1922:

1. d4, doki f6
2. c4, g6
3. doki c3, d5
4. c ya ci d5, doki ya rama
5. e4, doki ya ci c3
6. b ya rama, giwa g7

Ka duba allon. Fari yana da c3, d4, e4. Baƙi ba shi da komai a tsakiya, hafsa ɗaya ma kawai ya fitar. A idon mai wata huɗu an gama wasa. Amma ci gaba:

7. giwa c4, c5
8. doki e2, doki c6
9. giwa e3, ganuwa
10. ganuwa

Yanzu ƙirga masu hararar d4: dakaren c5, dokin c6, giwar g7, sarauniya daga d8. Huɗu. Masu tsaronsa: dakaren c3, dokin e2, giwar e3, sarauniya daga d1. Huɗu. Duk wasan ya rataya a kan gida ɗaya. Idan Fari ya rasa mai tsaro ɗaya, ginin ya zube. Idan ya riƙe, wata rana dakarun nan za su taso su murƙushe Baƙi.

Malamar Lissafi:
Ku lura da taku na 8, a nan daɗin yake. Me ya sa doki e2, alhali kowa an koya masa f3 ya fi? Saboda idan yana f3, giwar Baƙi ta zo g4 ta ɗaure shi da sarauniya, ko ta cinye shi, mai tsaro ɗaya ya tafi. Idan yana e2 kuwa giwa ta zo g4, sai Fari ya tura f3 ya kore ta, ya kuma ƙara wa e4 ƙarfi. Wato an zaɓi gidan dokin ne saboda d4, ba saboda wata ƙa'ida da aka haddace ba. Ana buga doki f3 ɗin ma a wannan buɗin, amma mai yin haka ya riga ya shirya wa ɗaurin.

Sabon-Shiga:
Wannan ƙirgar ban taɓa yin ta ba. Ni dai idan na ga dakaruna a tsakiya sai hankalina ya kwanta.

Ɗan Gaggawa:
Duk wannan dogon turanci ne. A 1980 a Skara ta ƙasar Suwidin, Karpov yana zakaran duniya ya buga e4, Tony Miles na Ingila ya amsa masa da a6. A6! Dakaren can bakin gefe. Kuma Miles ya ci wasan. Ina tsakiya a nan?

Mai Giwar Kusurwa:
Ka ci gaba da labarin mana. Taku na 2 ya yi b5, na 3 giwa b7 tana kallon e4, na 4 doki f6 yana kallon e4, kafin a je ko'ina ya buga c5 a kan d4. Hujjar da ka kawo tamu ce, ba taka ba.

Dattijon Zaure:
Kuma kama da wane ba ta wane. Miles ya san inda zai fasa ginin kafin ya bari a gina. Kai idan ka yi a6 sai ka bi ta da h6 da sarauniya f6, ka ce salon Miles ne.

Ɗan Gaggawa:
Baba ai ba a tona asiri a bainar jama'a.

Mai Inji:
Ni fa ban ga abin jayayya ba. Na sa wasan Sabon-Shiga a Stockfish, injin kwamfuta mai buga ces, bayan taku na 9 ya nuna kusan kunnen doki. Magana ta ƙare. Kuma tun da injin AlphaZero ya fito a 2017 aka ga yana tura dakaren h tun da wuri, h4, h5, h6, manyan 'yan wasa ma suka kwaikwaya. Zamanin ƙa'idojin tsakiya ya wuce, yanzu abin da inji ya ce shi ne.

Malamar Lissafi:
Inji ya ce kunnen doki, to sai me? Ya gaya masa kada ya yi musaya? Ya gaya masa dokinsa e5 zai nufa? Lambar da ke gefen allo ba ta zama da kai a lokacin wasa. Dakaren h kuma, ka koma ka duba waɗannan wasannin da kyau. Ana tura shi ne idan tsakiya a kulle take ko tana hannun mai turawar. Ka gwada tura h4 da g4 alhali tsakiyarka tana rawa, ka ga yadda za a fasa ta a biyo sarkinka ta layin da ya buɗe. Tsohuwar magana ce cewa harin gefe da bugun tsakiya ake amsa shi, kuma inji bai ƙaryata ta ba.

Mai Inji:
Ban ce ƙarya ba ce Malama, na ce dai inji ya fi mu sani.

Malamar Lissafi:
Ya fi mu sani, bai fi mu bayani ba.

Mai Kula da Zaure:
A dawo kan tambaya don Allah. Muhawarar inji tana da nata zaren tun makon jiya.

Dattijon Zaure:
To. Yaro, ga abin da nake so ka riƙe, kuma ba sunayen buɗi ba ne. Kowane buɗi da ka gani, tambaya ɗaya yake amsawa: da wane dakare zan taɓa tsakiyar abokin wasana, kuma yaushe? Idan ka gane wannan, ko an fitar da kai daga abin da ka haddace ba za ka ɓata ba.

Ɗauki Kariyar Faransa. 1. e4, e6 2. d4, d5 3. e5. An kulle. Dakarun Fari sun yi sarƙa, d4 yana riƙe da e5. Baƙi ba ya kai wa e5 hari da farko, gindin yake sara: c5, doki c6, sarauniya b6, duka a kan d4. Fari kuma c3, doki f3, duka don d4. Daga baya Baƙi ya zo da f6 ya taɓa kan sarƙar. Wanda ya san wannan zai iya buga taku goma sha biyar masu ma'ana ba tare da ya haddace ko ɗaya ba. Kuɗin da Baƙi ya biya shi ne giwarsa ta c8, wadda dakarensa na e6 ya rufe wa ƙofa.

Ɗauki Sisiliya. 1. e4, c5. Me dakaren c yake yi a can? Yana jiran d4. Idan Fari ya yi doki f3 sannan d4, sai c ya ci, doki ya rama. An ba da dakaren gefe an karɓi na tsakiya. Yanzu Baƙi yana da d da e duka biyu, Fari e kaɗai. A madadin haka Fari ya riga shi fitar da hafsoshi, yana da fili. Shi ya sa wasan yake zafi: ɗaya yana da yau, ɗaya yana da gobe.

Kai ma a wasanka, 4. c3 ɗin da ka buga ma'anarsa ke nan, kana shirya d4 yadda idan an ci za ka rama da dakare. Sai dai c3 ya tare wa dokinka na b1 gidansa mafi kyau, kuma taku ne da bai fitar da hafsa ba. Ba abin da ake samu kyauta. Wannan ne ya sa manyan 'yan wasa na yanzu suka fi son 5. d3 a nan. Su tsare e4 tukuna, su shiga ganuwa, su kawo hasumiya e1, dokin b1 ya bi ta d2 da f1 ya fita g3, sai can daga baya su buga d4 lokacin da akwai masu riƙe shi. Gini ɗaya ne da naka, amma sun fara da tushe.

Sabon-Shiga:
Wato na yi gaggawa ke nan Baba?

Dattijon Zaure:
Ba laifi ba ne, zaɓi ne. 5. d4 yana cewa a yi ta yanzu. Idan ka zaɓe shi, ka yarda za ka iya ƙarewa da maraya a d4, kuma dole ka iya renonsa. Idan ba ka son haka, d3.

Mai Hasumiya Biyu:
Ina bin ku a shiru tun ɗazu. Ƙarin da zan yi kan masu riƙe Baƙi ne, don mu ma muna da namu kwaɗayin. Da na fara, duk wanda ya yi mini 1. d4, d5 2. c4 sai in cinye c4 ɗin in ce Allah ya kawo. Cin ba laifi ba ne, ana yinsa har a manyan gasa, riƙewar ce masifa. Wata rana aka yi mini 3. e3, na kare da b5. Aka yi a4, na kare da c6. Aka ci b5 na rama da c, sai sarauniya ta fito f3 tana kallon hasumiyata ta a8 ta wannan dogon gicciyen da ni da kaina na buɗe. Taku shida, hafsa ya tafi. Garin neman gira na rasa ido. Sai daga baya na gane c4 ɗin koto ne: ana so dakarena na d5 ya bar tsakiya ne, ba kyauta ake ba ni ba. Masu cin nan da sani suna mayar da dakaren, su yi amfani da lokacin su buga c5 ko e5.

Malamar Lissafi:
Ga kishiyar wannan, dabara ce da kowane mai Baƙi ya kamata ya sani. 1. e4, e5 2. doki f3, doki c6 3. doki c3, doki f6 4. giwa c4. Sai Baƙi ya ci e4 da doki, kamar ya yi kyautar doki. Fari ya rama da dokin c3, sai d5, dakare ɗaya ya nuna giwa da doki. Hafsan ya dawo, dakaren tsakiyar Fari ya tafi, giwoyin Baƙi duka sun sami hanya. Irin d5 ɗin da aka yi maka ne Sabon-Shiga, da wata riga. Duk lokacin da giwarka ke c4 dakarenka ke e4, ka sa ido a kan d5.

Ɗan Gaggawa:
To ni duk ban ji wanda ya yi maganar kashe sarki ba. Ces fa ba a cin ta da ƙirgar gidaje.

Dattijon Zaure:
Kai da ke son kisa, je ka buga wasan da Paul Morphy ya yi a gidan opera na birnin Faris a 1858, shi kaɗai a kan mutum biyu, Duke na Brunswick da Count Isouard. Taku 17 ne kacal. Ya yi e4, doki f3, d4, tsakiya ta buɗe tun taku na 4. Daga nan kusan duk takunsa ko ya fito da sabon hafsa ko ya yi barazana. Ya ba da doki a b5, ya yi doguwar ganuwa hasumiyarsa ta faɗo kan layin d, ya ba da hasumiya a d7, ya ba da sarauniya a b8, ya kashe da hasumiya a d8 giwa tana g5 tana riƙe mata. Lokacin da aka gama, giwarsu ta f8 da hasumiyarsu ta h8 ba su taɓa motsawa ba, sarkinsu yana nan e8 inda aka ajiye shi. Kisan ta layin d ya biyo, layin tsakiya. Sarauniyar da kake fitarwa a taku na 2 kana neman f7, shi ma tasa ta fito da wuri ta kalli f7 daga b3, amma bayan an buɗe mata hanya kuma da 'yan rakiya.

Ɗan Gaggawa:
Shi ke nan, a bar wa allo ya raba mu. Sabon-Shiga, ɗauki Fari, a nan cikin zaren kowa yana gani. Zan yi maka a6 ɗin da ake yi mini dariya a kai. Kada kowa ya sa baki, Mai Inji ka rufe kwamfutarka.

Sabon-Shiga:
Na karɓa Yaya. 1. e4

Ɗan Gaggawa:
a6

Sabon-Shiga:
2. d4

Ɗan Gaggawa:
b5. Ga tsakiyar nan na bar maka, ka ci ka ƙoshi.

Sabon-Shiga:
3. doki f3

Ɗan Gaggawa:
giwa b7

Sabon-Shiga:
Hannuna har ya kai kan dokin b1 zan sa shi c3 ya tsare e4, sai na ga b4 zai zo ya kore shi, mai gadin ya tashi giwa tana nan tana kallo. 4. giwa d3.

Mai Giwar Kusurwa:
Ba zan ce komai ba, amma ina murmushi.

Ɗan Gaggawa:
An ce kada a sa baki. Doki f6.

Sabon-Shiga:
Masu hari biyu, giwar b7 da dokin f6. Mai tsaro ɗaya. e5 yana ja na, amma idan na tura dokinka zai zauna d5 giwarka kuma hanyarta ta ƙara tsawo da zarar ya tashi, kuma sarkina yana waje tukuna. 5. dokin b1 zuwa d2. Biyu da biyu.

Ɗan Gaggawa:
Wai yaron nan wata huɗu ya ce ko shekara huɗu? e6. Cajina saura kashi uku, kada a taɓa allon, da safe zan zo maka da c5.